Malama Yael Datong da Madubin Aro

Haihuwa da Asali

An haifi Malama Yael Datong a ranar Litinin, 12 ga watan Maris na shekarar 1956, a unguwar Gada Biyu da ke cikin birnin Jos. Mahaifinta, Malam Dantong, mutumin ƙasar Pankshin ne wanda ya zo Jos yana saurayi domin aikin haƙar kuza, daga bisani ya zama dattijon ikilisiya a majami'ar unguwar. Mahaifiyarta, Mama Laraba, tana sayar da hatsi a ƙofar gida, amma abin da aka fi saninta da shi shi ne manyan tukwanenta guda uku, waɗanda babu wani biki ko suna ko zaman makoki da za a yi a unguwar, na Kirista ne ko na Musulmi, ba tare da an zo aronsu ba. A irin wannan gida Yael ta tashi, ita ce ta uku cikin 'ya'ya shida, kuma tun tana ƙarama ta ɗauki aro a matsayin wani reshe na zumunci, ba abin kunya ba.

Karatu

Ta shiga makarantar firamare ta mishan a shekarar 1963, ta kammala a 1969. A shekarar da ta biyo baya ta samu gurbi a kwalejin horar da malamai mata, inda ta shafe shekaru biyar ta fito da takardar malanta mai daraja ta biyu a 1975. Abokan karatunta sun shaide ta da kyan rubutu da ƙwarewa a lissafi, sun kuma shaide ta da taurin kai, wanda malamanta suka fi son su kira shi tsayuwa a kan magana. Bayan ta yi shekaru shida tana koyarwa, ta koma kwalejin ilimi a 1981, ta samu babbar takardar shaidar malanta a fannin kimiyya a shekarar 1984.

Aiki, Aure da 'Ya'ya

Hukumar ilimi ta ɗauke ta aiki a watan Satumba na 1975, ta koyar a makarantun firamare na gwamnati guda uku a cikin Jos, har ta kai muƙamin shugabar makaranta a 1989. A ranar Asabar, 17 ga Disamba, 1977, aka ɗaura aurenta da Malam Ishaya Datong, ma'aikacin jinya, mutum mai sanyin hali wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, watakila domin matarsa ta wadatar da gidan ta wannan fanni. Mayafin da ta sa a ranar na aro ne, haka kujerun da baƙi suka zauna a kai, kuma babu wanda ya ga aibu a cikin haka. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu: Panshak a 1979, Nanret a 1982, Kamji a 1985, sai auta Ana a 1991.

Kafa Makarantar Dutsen Taimako

A shekarar 1996 ta ajiye aikin gwamnati bisa raɗin kanta, bayan shekaru ashirin da ɗaya, ta buɗe makaranta a ɗakuna biyu na makarantar Lahadi da ke bayan majami'ar Gada Biyu, da yara goma sha bakwai. Ta raɗa mata suna Dutsen Taimako. Manufarta ita ce a haɗa karatun boko mai inganci da tarbiyyar Kirista, a fara kowace safiya da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, sannan a koyar da lissafi ba tare da sassauci ba. Ikilisiya ta kafa kwamitin dattawa biyar domin kula da makarantar, ta kuma ba ta fili a gefen majami'a.

Ma'aikatar ilimi ta jiha ta amince da sashen firamare a 1999, bayan an binciki sunan makarantar an tabbatar babu wata mai irinsa, an duba takardun fili, an auna ɗakuna, an ƙirga makewayi. A watan Satumba na 2002 aka buɗe sashen sakandare da ɗalibai ashirin da uku, cikinsu har da Ana, kuma a shekara ta gaba ma'aikatar ta ba sashen amincewar wucin gadi. Saura mataki ɗaya, wanda shi ne mafi wahala: a tantance makarantar a matsayin cibiyar jarrabawar kammala sakandare, a ba ta lambarta. Makarantar da ba ta da wannan lamba, dole ta kai ɗalibanta wata makaranta a yi musu rajista a can, kuma takardar shaidar da za su riƙe har tsufansu za ta fito ne da sunan waccan makarantar. Burin Malama Yael, wanda ta sha faɗa a gaban iyaye, shi ne ɗalibanta na farko su fita da sunan Dutsen Taimako a kan takardunsu.

Ziyarar Tantancewa ta Farko, 2007

Sharuɗɗan tantancewa a rubuce suke, kuma ba su da sarƙaƙiya: ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya da kayan aikinsu, ɗakin karatu mai isassun littattafai, zauren jarrabawa mai kujera da tebur ga kowane ɗalibi, ƙwararrun malamai masu takardu a kowane darasi, filin wasa, da cikakkun bayanan ɗalibai na shekarun da suka gabata. Dutsen Taimako tana da bayanai a kammale, tana da malamai gwargwadon hali, amma ɗakin da ake kira na gwaje-gwaje babu komai a cikinsa sai famfon da ba ya kawo ruwa da hoton ƙwarangwal a bango.

A wancan zamani akwai wata ɗabi'a da wasu ƙananan makarantu masu zaman kansu suka ɗauka, wato aron kaya domin ranar duba. Idan an sanar da ranar zuwan masu tantancewa, sai a aiko da mota a kwaso littattafai daga nan, kayan gwaji daga can, a jera su, idan baƙi sun tafi a mayar wa masu su da godiya. Kwamitin dattawa ya kawo wannan shawara, Malama Yael kuma ta karɓa ba tare da gardama ba, domin a ganinta wannan bai bambanta da aron tukwanen mahaifiyarta ba. Wanda aka nufa shi ne Malam Badruddeen, mai wata makarantar Musulmi a Dutse Uku, tsohon abokin aikinta a makarantar gwamnati, wanda rikice-rikicen da suka raba unguwannin Jos ba su raba su ba. Ya ba ta benci arba'in da teburansu, da littattafai akwati shida, da madubin likita guda ɗaya, wato na'urar da ake duba ƙananan halittu da ita. An lulluɓe hatimin makarantarsa da ke jikin bencinan da takarda mai launi, ita kuma ta sa hannu a kan fom cewa duk abin da ke cikin harabar mallakin makarantar ne.

Ayarin masu tantancewa ya iso ranar Laraba, 14 ga Maris, 2007, ƙarƙashin jagorancin Madam Nkoli Okey, sufeton ilimi haifaffiyar Jos, wadda ta shekara goma sha takwas tana zagayen makarantu. An bi da su aji-aji lafiya lau har aka shiga ɗakin gwaje-gwaje. A can Madam Nkoli ta ɗaga madubin, ta juya shi, ta tsaya tana kallon wani ɗigon jan farce da ke ƙarƙashinsa, wanda ita da kanta ta ɗiga a wata makarantar watanni biyar kafin nan.

"Malama, wannan madubi na san shi," in ji ta. "Mun gaisa da shi a makaranta uku wannan shekarar karatu. Naku ne?"

Shugaban kwamiti ya riga ya buɗe baki zai ce sayensa aka yi daga hannun mai shi, kuma da ya faɗa, da wuya a iya ƙaryata shi a wurin. Malama Yael ta riga shi.

"Na aro ne," ta ce. "Har da bencin da kika zauna a kai ɗazu."

Rahoton da ya biyo baya bai wuce shafi biyu ba. An ƙi amincewa da makarantar, an kuma ba da shawarar kada ta sake nema sai ta mallaki abin da ta ce tana da shi. Malam Badruddeen ma ya sha gargaɗi a rubuce. Da Malama Yael ta je ba shi haƙuri, sai ya yi dariya ya ce madubin nan ya fi shi yawo a gari, ya kuma miƙa mata shi kyauta, amma ta ƙi karɓa. Waɗanda suka san ta sun ce ba faɗuwar ce ta fi ci mata rai ba, sa hannun da ta yi a kan fom ɗin ne, ita da take tsayar da yara a gaban taron safe a kan ƙarya. Ta ji kunya matuƙa, kuma a safiyar Litinin da ta biyo baya ta tsaya a gaban ɗalibai da malamai ta bayyana musu abin da ta aikata ba tare da ta ambaci sunan kwamiti ba.

A shekarar 2008 aka yi wa ɗalibai ashirin da uku na farko rajista a wata makaranta da ke kan hanyar Zariya. Ashirin daga cikinsu sun ci jarrabawar da sakamako mai kyau, 'yarta Ana ce ta zo ta biyu, kuma dukkansu takardunsu sun fito da sunan makarantar da ba su taɓa zama a ajinta ba sai a kwanakin jarrabawa. Malama Yael ta kira wannan sunan aro, ta ce shi ne hukuncin da ya dace da madubin aro, sai dai yaran da ba su ci ba su sha ba ne suka ɗauke shi.

Shekarun Jira

Daga wannan lokaci ta kafa doka a makarantar, wadda ba ta nemi shawarar kowa a kanta ba: babu wani abu, ko alli ne, da za a nuna wa mai duba idan ba na makarantar ba ne. Aka fara aiki sannu a hankali. Wani kafinta a kasuwar Katako mai suna Lukuman ya riƙa ƙera benci goma a kowane zangon karatu, kuma kafin a sauke su daga mota sai an ƙona sunan makarantar a jikinsu da ƙarfe mai zafi. Zumuntar mata ta majami'a ta ɗauki nauyin ɗakin karatu, tsofaffin ɗalibai suka sayi madubi na farko a 2010, aka ja ruwa zuwa ɗakin gwaje-gwaje a 2011, shekarar da Malam Ishaya ya rasu bayan gajeriyar jinya.

A cikin shekarar 2010 ne kuma makarantar ta shiga ƙungiyar makarantun Kirista, wadda take da nata tsarin tantancewa, daban da na gwamnati. A wannan tsari makaranta takan fara da zama memba, sannan a karɓe ta a matsayin mai neman tantancewa, daga nan ta shiga abin da ake kira binciken kai, wato ta zauna da malamanta da iyaye ta rubuta gaskiyar halin da take ciki: manufarta ta bangaskiya, tsarin shugabancinta, takardun malamanta, manhajarta, tsaron yara da lafiyarsu, da kuma inda ta gaza. Bayan haka ne ayarin shugabannin wasu makarantu zai zo ya kwana uku yana gwada abin da aka rubuta da abin da ke ƙasa. Rahoton binciken kai na Dutsen Taimako ya ɗauki watanni goma sha tara, kuma babin gazawa ya fi kowane babi tsawo, domin Malama Yael ce ta rubuta shi da hannunta, ta kuma fara shi da labarin madubin.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 2012, lokacin da makarantar ta sake neman lambar cibiya. Komai ya kammala, sai malamin kimiyyar sinadarai ya samu aiki a Abuja ya tafi ana saura mako biyu ziyara. Kwamiti ya samo wani malami mai takardu wanda ya yarda ya tsaya a aji na yini ɗaya. Malama Yael ta ce mutum ma idan aka aro shi kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ta rubuta wasiƙa ta janye neman da kanta. Wannan mataki ya jawo mata fushin da ba ta taɓa gani ba. Iyaye da dama suka cire 'ya'yansu, suna cewa ba za su biya kuɗin makaranta ɗaya su karɓi takardar wata ba, har yawan ɗalibai ya sauka daga ɗari huɗu da goma zuwa ɗari da casa'in cikin shekara biyu. Dattawa uku daga cikin biyar suka rubuta wa majalisar ikilisiya suna neman a sauke ta, suna masu cewa tsarkinta ya zama nauyi a wuyan yara. Ba za a ce ba su da hujja ba, domin kowace shekara sai wani rukuni ya fita da sunan aro, kuma ita kanta ta amsa a gaban majalisar cewa wannan yana hana ta sukuni. Majalisar ta bar ta a kan kujerarta da rinjayen ƙuri'a ɗaya, bisa sharaɗin cewa idan ba a samu lambar ba zuwa ƙarshen 2015, za ta sauka.

Gurbin malamin kimiyyar sinadarai bai cike ba sai a 2014, lokacin da Ana ta kammala jami'a da hidimar ƙasa, ta ƙi aikin da aka yi mata tayi a Kaduna, ta dawo ta karɓi ajin.

Ziyarar Ƙarshe da Samun Amincewa

Abu ɗaya ya rage wanda makarantar ba ta da hanyar mallaka, shi ne filin wasa, domin gidaje sun kewaye ta ta kowace fuska. Tun 2009 ɗalibanta suke zuwa Dutse Uku ranar Alhamis suna amfani da filin makarantar Malam Badruddeen. Aka ba Malama Yael shawarar a nuna wa masu duba filin majami'a da ake ajiye motoci, ta ƙi. A maimakon haka suka rubuta yarjejeniya ita da Malam Badruddeen ta shekara goma, suka sa hannu a gaban shaidu, ta liƙa ta a shafin farko na takardun nema, ta rubuta a samanta da manyan baƙaƙe cewa filin nan na aro ne.

Ayarin ya zo ranar Talata, 20 ga Oktoba, 2015, kuma Madam Nkoli Okey ce ta sake jagorantarsa, ana saura watanni huɗu ta yi ritaya. Ta shafe sa'o'i shida a makarantar. Ta sa aka kifa benci ashirin ta karanta sunan da aka ƙona a jikinsu, ta buɗe famfo ta ga ruwa, ta ɗaga madubai shida ɗaya bayan ɗaya ta duba ƙarƙashinsu, ta tsayar da wata ɗaliba ta ce ta haɗa mata ɗaya ta nuna mata fatar albasa, ɗalibar kuma ta haɗa. Daga nan ta bi su har Dutse Uku ta ga filin, ta gana da mai shi. Malam Badruddeen ya tambaye ta ko tana son ta gaisa da tsohon abokinta, madubin nan mai jan farce, ta ce ya bar shi ya huta, ya yi wa garin nan hidima isasshiya. A rahotonta ta karɓi yarjejeniyar filin, ta rubuta cewa aron da aka bayyana ba yaudara ba ne.

Wasiƙar amincewa mai ɗauke da lambar cibiya ta iso a ranar 7 ga Disamba, 2015, makonni uku kafin cikar wa'adin majalisa. A watan Maris na 2016 ayarin ƙungiyar makarantun Kirista ya yi nasa kwana ukun, ya ba makarantar cikakkiyar tantancewa ta shekara biyar, tare da sharaɗin gyara hanyar fita daga bene. A watan Mayu na wannan shekara ɗalibai talatin da ɗaya suka rubuta jarrabawa a zaurensu, a kan bencinansu. Kafin wannan rana, rukuni takwas, jimillar ɗalibai ɗari biyu da goma sha huɗu, sun riga sun fita da sunan wata makaranta. Malama Yael ta rubuta wa kowannensu wasiƙar neman gafara, ta aika wa waɗanda aka samu adireshinsu.

Shekarun Ƙarshe

Bayan samun lambar, ƙananan makarantu suka fara zuwa wurinta aro, kamar yadda ita ma ta taɓa zuwa wurin wani. Ba ta rufe ƙofa ba, domin 'yar Mama Laraba ce. Ta ba da littattafai, ta ba da madubai, ta bar ɗaliban wasu makarantu suna shigowa ɗakin gwaje-gwaje ranar Asabar, amma ta sa aka rubuta a ƙofar ɗakin cewa ana ba da aro kowace rana ban da ranar duba. Wasu sun ji haushin wannan rubutu, ita kuwa ko a jikinta. Daga 2017 ƙungiyar makarantun Kirista ta riƙa sa ta cikin ayarin da ke ziyartar makarantu, kuma an ce shugabannin makarantu sun fi fargabar zuwanta fiye da na kowa, domin ta san duk inda ake liƙa takarda mai launi.

Ta miƙa shugabancin makarantar ga Ana a watan Yuli na 2019, da amincewar majalisar ikilisiya, ta koma koyar da ajin lissafi ɗaya har ciwon suga ya raunana idanunta. Ta ga sabunta tantancewar makarantar a 2021.

Rasuwa da Jana'iza

Malama Yael Datong ta rasu a gidanta da ke Gada Biyu da hantsin ranar Litinin, 9 ga Oktoba, 2023, tana da shekaru sittin da bakwai. An yi sujadar jana'izarta a harabar makarantar ranar Asabar, 21 ga watan, aka binne ta kusa da mijinta a maƙabartar ikilisiya. Jama'ar da ta taru ta fi ƙarfin kujerun majami'a da na makaranta a haɗe, sai Malam Badruddeen, wanda tsufa ya riga ya sa shi dogara sanda, ya aiko da benci arba'in daga Dutse Uku, ya kuma biyo su da kansa. Masu shirya wuri sun kawo ƙyalle za su rufe hatimin makarantarsa, Ana ta ce a bar shi a buɗe kowa ya gani. Madam Nkoli Okey tana cikin waɗanda suka zauna a kansu.

Malama Yael ta rasu ta bar jikoki tara da 'ya'ya huɗu: Panshak Datong, injiniya a Abuja, Nanret, ma'aikaciyar jinya a Jos, Kamji Datong, fasto a ƙasar Pankshin, da Ana, shugabar Makarantar Dutsen Taimako, wadda kowace shekara take miƙa wa ɗalibai takardu masu ɗauke da sunan makarantarsu. Tata takardar, ta shekarar 2008, tana rataye a ofis kusa da wasiƙar amincewa, inda mahaifiyarta ta kafa ta da hannunta ta kuma bar wasiyya kada a sauke, kuma har yau sunan waccan makaranta ta hanyar Zariya ne a kanta.